Shekarar da Na Sallama Ƙafar Babanku

Na san abin da aka faɗa muku kuna yara. Na san a bakin famfon layinmu nan Tudun Wada wata ta taɓa ce wa Sadiya, "Uwarki dillaliya ce, har ƙafar mijinta ta sayar," ta dawo gida da bokiti babu ruwa, ta ƙi gaya mini abin da ya sa ta kuka. Ban bi maganar ba a lokacin, domin babanku yana raye kuma ya hana ni. Yanzu ya koma ga Ubangijinsa, Allah ya jiƙansa da rahama, yayansa Alhaji Bala ma ya bi shi. Cikin waɗanda suka zauna a barandar asibitin nan ni kaɗai na rage. Saboda haka ku ji daga bakina, tun bakin yana motsi.

Sai kun fahimci sana'ata kafin ku fahimci shekarar. Kun tashi kun gan ni da ƙunshi a ka, ina shiga gidaje daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, amma ba ku san abin da ake yi a cikin ɗakunan ba. Mace za ta ja ni ƙurya, ta ciro atamfar da ba ta taɓa ɗinkawa ba, ko sarƙar zinaren da uwarta ta bar mata, ta ce in sayar. Wata mijinta ne kasuwa ta juya wa baya, wata ɗanta ne ba lafiya, wata kuwa ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Gwaggon da ta koya mini dillanci, abu na farko da ta dasa mini a kai shi ne kada sunan kowa ya fito daga bakina. A gidan mai saye sai in ce, "An ba ni in sayar." In koma gidan mai kaya in ce, "An taya." In an yi albarka in dawo in ce, "An ce a ƙara." Ta yiwu mai sayarwa da mai saye katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta yiwu ma ya da ƙanwa ne, amma har a gama babu wadda za ta san ɗayar. Wannan "an" ɗin shi ne mayafin da muke rufa wa mutane asiri da shi, da shi na ci abinci, da shi na gina ɗakunan da kuka girma a ciki. Sai dai yana da iyaka, kuma iyakar ita ce abu na biyu da Gwaggo ta koya mini. In ciniki ya zo ƙarshe, ba na ɗaga ƙafa daga ɗakin mai kaya sai ta ce da bakinta, "Na sallama." In ta ce, "To, a sayar kawai," ba na karɓa. Nakan gyara zama in jira. Domin gobe in zuciyarta ta tuna da sarƙar uwarta, za ta ce, "Wa ya ce a sayar?" kuma babu mai amsawa. Ciniki yana tafiya a ɓoye, amma ba ya faɗawa sai mutum ɗaya ya fito fili ya ɗauka.

Babanku, Malam Isyaku, tela ne, kun sani, mai keken ƙafa a ɗan shagonsa na bakin titi. Ciwon suga ya daɗe da kama shi, yana shan magani in ya tuna. A daminar shekarar da Sadiya ta gama sakandare ya taka ƙusa a ƙofar shago, a ƙafar dama. Ya ɗaure wurin da ƙyallen ɗinki ya ci gaba da taka keke, domin ɗinkin Salla ya taru masa kuma shi mutum ne da ba ya son a zo karɓa ya ce a dawo. Ban ga ciwon da idona ba sai da wari ya tona shi. Da na kwance ƙyallen na ga yatsun sun fara baƙi, ban tsaya shawara ba, na tari mai a-daidaita-sahu muka tafi asibiti, suka ba shi gado.

Kowace safiya akwai zagayen likitoci. Babbansu wani gajeren dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, ɗalibai na biye da shi kamar 'yan tsaki a bayan kaza. Su tsaya a ƙarshen gado, a buɗe ƙafar, ya duba, ya latsa, ya yi musu magana da Turanci, su rubuta, su wuce. Ni Turancina na kasuwa ne, wanda na tsinta a shagunan Sabon Gari, ya ishe ni in taya kaya in ƙi tayi, bai wuce nan ba. In na tambayi nas abin da aka ce, sai ta ce, "Ana kan dubawa, Hajiya, a ci gaba da addu'a." Amma dillaliya da kunne take cin abinci. Na lura akwai magana ɗaya da dattijon nan yake maimaitawa kullum in ya gama duba ƙafar. Na haddace ta yadda take, ban san ma'anarta ba, na ƙulle ta a raina kamar yadda nake ƙulle samfurin yadi a bakin zane, na hau mota zuwa Kwangila wurin Maman Nkechi.

Kun san ta, ita ce Inyamurar nan mai shagon leshi da take kawo muku shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Mun daɗe muna ciniki da ita, kuma kafin ta shiga kasuwa ta taɓa koyarwa a firamare. Hausa kuwa a bakinta kamar a Zariya aka yanke mata cibiya.

"Maman Nkechi, na kawo miki kaya, amma ba na sayarwa ba ne."

"In ba na sayarwa ba ne me ya kawo shi shagona? Zauna, Dillaliya. Yaya jikin Malam?"

Na zauna a kan bandir ɗin yadi na zazzage mata abin da na haddace. Ta sa na maimaita, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kin tauna Turancin nan kamar mai cin ƙashi. Cewa ya yi, the leg may be saved. Wato mai yiwuwa a ceci ƙafar."

"Za a cece ta ke nan?"

"Ban ce ba, shi ma bai ce ba. Wannan may ɗin, kin san mai sayen da zai juya kaya ya juya, ya ce miki zan dawo? To shi ne. Yana iya dawowa, yana iya ɓacewa."

"To wa zai cece ta? Shi likitan?"

"Bai faɗa ba. Haka suke yi in sun ga dama. Su ɗauko abin da za a yi wa aikin su sa shi a gaba, ga ƙafa nan. Su bi shi da 'yar ƙaramar kalma mai nuna nauyin maganar. Sannan aikin ya zo. Mai yin aikin kuwa su bar shi a waje, kamar takalmi a ƙofar ɗaki."

Na ce, "Ashe likitan nan dillali ne."

Ta ce ba ta gane ba, na ce ni na gane. A ranar ta jera mini sauran kalmomin, tana ɗaga yatsu. Akwai can, wadda ke nufin ana iyawa. Akwai may ɗin da na kawo. Akwai should, ya kamata. Akwai must, dole, wadda babu wata a bayanta. Duk ana iya ɗora kowacce a kan magana ɗaya, ba a taɓa sauran kalmomin ba, kuma ba a ambaci kowa ba.

Ina cikin tashin hankali, amma wallahi a motar dawowa mamaki ne ya fi cika mini ciki. Ina da ɗan ma'aunin zinare, kun san shi, mai ƙananan duwatsun awo da nake ajiyewa a gwangwanin alewa. Akwai wanda bai kai ƙwayar gero ba, amma in ka ɗora shi sai ma'auni ya rinjaya. To ashe akwai mutanen da suka yi wa magana irin waɗannan duwatsu. Mu ma muna da namu, muna cewa a yi, ya kamata a yi, dole a yi, amma ban taɓa tsayawa na dube su ba sai da na ji su a bakin baƙo. Shekara da shekaru ina tsammani mu dillalai ne kaɗai muka san yadda ake tafiyar da babban al'amari ba a kira sunan kowa ba. Sai ga dattijo mai ilimin da ya kai a ba shi wuƙa ya buɗe cikin ɗan Adam, yana tsaye a kan mijina yana ce wa yaransa "an taya" da harshen Turawa, kuma ran mijin nawa yana rataye a kan kalmar da ba ta kai tari tsawo ba. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya koya wa mutum magana. Daga ranar na daina kallon fuskar likita, domin fuskarsa ba ta canjawa. Na koma sauraron ɗan dutsen da zai ɗora.

Ya daɗe a kan may. Ana wanke ciwon, ana yanke ruɓaɓɓen nama, ana ɗura masa ruwa da allurai. Wata safiya baƙin ya haura idon sawu, dattijon ya daɗe yana kallo, na ji kalmar ta canja, ta ƙarshen ma ta canja. Na sake komawa Kwangila. Wannan karon Maman Nkechi ba ta yi dariyar Turancina ba.

"Should be removed. Ya kamata a cire. Rabi, wannan shawara ce, amma irin shawarar da uba ke ba ɗa. Saura ɗaya. In kin ji must, kada ki ɓata lokacin zuwa nan."

A ranar wani ƙaramin likita ya kira mazan gidan ya yi musu bayani da Hausa, bai ɓoye musu komai ba. Saboda haka kada wani ya ce muku ba a sani ba. An sani. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce a yi, kuma a gidan su babanku wannan ba abin tambaya ba ne, Yaya Bala ne. Ina so ku san shi yadda yake, ba yadda kuka gan shi yana ɗaure mini fuska ba. Mahaifinsu ya rasu babanku bai isa kaciya ba, Yaya Bala ne ya bar karatu ya shiga dakon hatsi ya riƙe shi. Shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya saya masa keken da ya ci abinci da shi har ya mutu, shi ya zo neman aurena. Ko da babanku ya yi furfura, ba ya zama a kujera in Yaya yana tsaye. Da na tambaye shi a gadon asibiti, lokacin hankalinsa yana jikinsa, abin da yake so, amsarsa ɗaya ce.

"Abin da Yaya ya ce."

Yaya kuwa kullum yana baranda a kan tabarma, da carbi, da 'yan'uwa kewaye da shi. In na kai musu abinci na durƙusa na gaishe su, nakan ɗan jinkirta in ji.

"A dai bari a gani."

"Akwai mai magani a Dutsen Abba, an ce ya tashi wanda ya fi wannan."

"Ba a taɓa yi a gidanmu ba. Mutum ya koma ga Allah da abin da Allah ya ba shi."

"Tela ba ƙafa, a ce ya yi yaya?"

"A ƙara haƙuri dai. A yi ta addu'a."

Ina durƙushe ina jin su, sai na ga ashe ciki da waje duk kasuwa ɗaya ce. A ɗaki ana cewa ya kamata a cire, a baranda ana cewa a bari a gani. Kowane ɓangare yana tayi, babu mai kaya. Ba su ce a kai shi gida sun tashi sun ɗauke shi ba, ba su ce a yanke ba. Kwanaki suna tafiya, ƙafar kuwa ba ta jiran kowa. Zazzaɓi ya rufe babanku, ya daina gane mu. Yana kwance yana kiran awon rigunan mutane, yana ce wa mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa ta rufe masa taga ruwa zai jiƙa yadi. Masu jinyar gadon kusa da mu suka fara toshe hanci da mayafi, suna ba ni haƙuri da ido.

Safiyar da abin ya zo, an kwana ana ruwa, garin ya yi luf. Dattijon ya buɗe ƙafar, bai ko latsa ba. Ya yi maganarsa a hankali yadda ya saba, na ji dutsen ƙarshe ya sauka. Must. A bayanta kuma na ji wata kalma da ko a kasuwa na san ta, wadda ke nufin yau. Suka juya za su wuce gado na gaba. Ban san lokacin da na miƙe na tare hanya ba, ni da ban taɓa ce masa komai ba sai ina kwana.

"Likita, ka gafarce ni. Ni dillaliya ce, na san maganar da ba ta da mai ita, da ita nake ci. Na ji an ce dole a cire. Wa zai cire?"

Ɗaliban suka zuba mini ido, wata nas ta kama hannuna. Ya ɗaga mata hannu ta sake ni, ya ce wa yaran su yi gaba. Ya cire tabarau, ya amsa mini da Hausa garau, wadda ban taɓa zaton yana da ita ba.

"Ni zan cire, Hajiya. Da hannun nan. In na yi yau, a ƙasan gwiwa zan tsaya, kuma ina sa ran zai tashi, rai dai na Allah ne. In aka wuce yau, ban san abin da zan tarar ba."

"To me ya sa tun farko ba ka ce kai ne ba?"

"Da yaran nan nake magana. Ina so su dubi ƙafar, kada su dube ni. Ko ni ne a nan ko wani, abin da ƙafar take bukata ɗaya ne, shi ya sa nake cire kaina daga maganar. Amma wuƙa ba ta jin wannan Turancin, sai hannu ya riƙe ta. Ni kuma ba zan riƙe ta ba sai wani nasa ya ce in yi. Shi ba ya cikin hayyacinsa. Ke matarsa ce, kina iyawa. Yayansa ma yana iyawa."

Mutumin da ya yi makonni a bayan labule, da aka kira shi sai ya fito gaba ɗaya, bai rage komai ba. Ni. Da hannun nan. Ban taɓa ganin mai kayan da ya sallama da tsabta irin haka ba.

Na fita baranda. Yaya Bala yana zaune, sauran ba su iso ba tukuna saboda ruwan. Na durƙusa nesa kaɗan yadda na saba.

"Yaya, likita ya ce yau ne, kuma ya ce shi zai yanke da hannunsa. Saura mai cewa ya yi. Kai ne babba, kai ne ubansa. In ka yarda, ka shiga ka gaya masa. In ka hana, zan naɗe tabarmata mu ɗauki ƙaninka mu tafi gida, ba za ka ƙara jin bakina ba. Amma ka faɗa da bakinka. Ka ce, ni Bala na hana."

"A dai ƙara ba shi kwana biyu, Rabi."

"Wa zai ba shi, Yaya?"

Ya ɗago ya dube ni. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa mayar masa da magana ba.

"Kasuwa kika mai da mu?"

"Ita kaɗai na sani, Yaya. A can in mai kaya ba ta ce na sallama ba, ba na tashi."

Zan gaya muku gaskiya, har yau ban san ko da ya ce na hana zan cika alkawarin da na yi masa ba. Allah bai jarraba ni da wannan ba. Na gyara zama na jira, kamar yadda na jira a ɗakuna da yawa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, babu abin da ya fito. Na ga hawaye ya bi gemunsa. Mutum ne da ya ɗauki buhu a ka don yaron nan ya ci, ba zai iya cewa a yanke shi ba, kuma ba zai iya cewa a bar shi ya mutu ba. Can ya miƙe, ya sa takalmi, ya nufi masallacin asibitin ba tare da ya waiwayo ba.

Na koma ciki. Likitan yana tsaye a inda na bar shi, yana jirana. Ya ce, "Me aka ce?" Na ce ba a ce komai ba. Ya ce, "Ke fa?" Na dubi babanku, na dubi ƙafar da ta taka keke ta ciyar da mu, kalmar da ta zo bakina ita ce wadda na saba karɓa daga bakin wasu.

"Na sallama."

Ya gyaɗa kai kamar ya san ma'anarta a wurinmu. Aka kawo takarda na sa hannu, suka tura shi.

Bayan la'asar suka fito da shi yana numfashi. Sai wata nas ta zo tana tambaya wa zai karɓi ƙafar, domin kun san ba a yar da gaɓar Musulmi, binne ta ake yi. Ban yi tunanin wannan ba sam, na tsaya ina raba ido. Sai ga Yaya Bala a bakin ƙofa da sabon farin yadi a hammata. Ashe daga masallaci kasuwa ya wuce. Bai dube ni ba. Ya karɓa, ya naɗe ta da kansa, ya rungume ta a ƙirji kamar jariri, ya fita cikin yayyafi. Shi kaɗai ya kai ta maƙabarta.

Da babanku ya dawo hayyacinsa ya shafa ya ji wayam, ya daɗe yana kallon rufi.

"Wa ya ce?"

"Ni."

"Yaya fa?"

"Shi ya binne ta."

Ya juya fuska bango. Ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Ban ba shi haƙuri ba, domin ban ga laifin da na yi ba, kuma ban yi masa gorin rai ba, domin ba ni na ba shi ba. Na ci gaba da wanke shi ina ba shi abinci.

Abin da ya biyo baya kun ga wani, wani ba ku gani ba. Yaya Bala ya daina cin abincin gidanmu. In ya zo duba ƙaninsa a zaure yake tsayawa, in na aika da kwano ya dawo a rufe yadda ya tafi. Gidaje da dama a Gyallesu, na danginsu da na abokan danginsu, suka daina kirana. Wata tsohuwa da na shekara ina sayar mata da kaya ta ce mini a fuska, macen da ta iya sa hannu a yanke mijinta ba za ta ba ta amanar ɗan kunne ba. Na ce Allah ya ba mu alheri, na ɗauki ƙunshina. Kasuwata ta ja baya sosai a shekarun nan, Maman Nkechi ce ta riƙa haɗa ni da matan ma'aikata har na miƙe. Babanku kuma da ya warke ya sa aka dawo masa da kekensa gida, ya rufe ɗaki yana koyon takawa da hagu kaɗai. Da fari keken baya yake komawa, zare ya cukurkuɗe, in ji shi yana faɗa da shi kamar da mutum. Wata rana ya kira ni ya miƙo mini ɗankwali da ya yi wa kalmasa, layin a karkace kamar hanyar tururuwa.

"Dillaliya, nawa za a taya wannan?"

"Wannan ba a tayawa, Malam. Mai shi ba ta sallama ba."

Ranar ya fara yi mini dariya tun bayan asibiti. Ɗankwalin yana ƙasan akwatina, in na mutu za ku gan shi.

Kayan auren Sadiya kaf shi ya ɗinka su da ƙafar hagu, babu wanda ya isa ya nuna karkace a ciki. Ranar ɗaurin aurenta, Yaya Bala ne waliyyi, kamar yadda al'ada ta ba shi. Muna cikin gida muna jin lasifika daga ƙofa. Liman ya tambaya, na ji muryar Yaya ta fito sarai, "Na bayar." Wakilin ango ya ce ya karɓa, aka shafa fatiha, mata suka ɗauki guɗa. Ina bakin murhu ina kwasar tuwo sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Na waiwaya, ga Yaya Bala ya wuce zaure ya shigo har ciki, abin da rabonsa da yi tun kafin asibiti. Na ajiye marar kwasar tuwon na durƙusa.

"Rabi, zubo mini tuwon nan."

Aka shimfiɗa masa tabarma. Na zuba, na kai masa da ruwan wanke hannu. Ya yi loma, ya yi ta biyu, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Ranar nan kalma biyu kika nema a bakina. Yau na faɗi irinsu a gaban jama'a, ba su fi numfashi ɗaya ba. Ranar kuwa sun fi ni nauyi."

"Yaya, ai kai ka ɗauki ƙafar."

"Na ɗauki wadda ta mutu. Ke kika ɗauki mai ran."

Sai ga ƙarar sandar babanku daga zaure, ƙwas, ƙwas, yana tafe cikin babbar rigar da ya ɗinka wa kansa. Ya ga yayansa a kan tabarmata da kwanona a gabansa. Ya tsaya, domin har ranar ba ya zama sai an ce masa. Yaya ya matsa gefe ya buga tabarmar da tafin hannu.

"Zauna, Isyaku. Sa hannu."

To, 'ya'yana, wannan ita ce ƙafar da aka ce na sayar. In wani ya sake faɗa muku, kada ku yi faɗa da shi, kada kuma ku ce masa ai dole ce ta sa aka yanke. Ku ce masa uwarmu ce ta ce a yanke, Rabi dillaliya, da bakinta. In ya tambaye ku abin da aka biya ta, Nura, kai ka ba shi amsa, kai da aka haifa bayan an dawo daga asibitin, ka koyi tafiya kana riƙe da sandar babanka.